Kunun zaƙi na tsiro: ina iyakarsa da burukutu?

Maman Hanifa, Yelwa, Bauchi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a sana'ar kunu, da waɗanda suka karanci ilimin sarrafa abinci, da kuma malaman addini idan akwai su a cikinmu, domin abin da ya dame ni ya taɓa ɓangarorin nan uku.

Shekara biyu ke nan ina yin kunun zaƙi, ina ɗurawa a gora, ina kai wa masu shaguna a unguwarmu. Da farko da sukari nake zaƙaƙa shi kamar yadda kowa yake yi, amma da sukari ya yi tsada sai wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta tuna mini cewa a zamaninsu tsiro da busasshen dankali ne suke ba kunu zaƙinsa, ta kuma koya mini yadda ake jiƙa dawa a baza ta a kan buhu mai laima har ta tsiro. Na gwada, kuma gaskiya kunun ya fi na da ƙamshi da garɗi, masu saye suka ƙaru, sukarin da nake sa wa kuwa bai kai rabin na da ba.

Matsalar ta fara ne da zafin watan Maris. Duk gorar da ta kwana ba ta shiga firji ba, washegari sai in tarar ta kumbura ta yi tauri, idan an buɗe ta sai ta yi huci, kumfa ya taso, ƙamshin ma ya sauya. Ana cikin haka surukina, mahaifin maigidana, ya zo gaishe mu ya ga dawar da na shanya da saiwoyinta, sai ya kira ɗansa gefe ya ce masa a iya saninsa da haka ake fara burukutu, kuma ba ya son a ce daga gidansa irin wannan abu yake fita. Bai yi faɗa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai, har na yi mako guda ban ɗora tukunya ba.

Tambayata ita ce, shin da gaske hanyar kunun tsiro da ta burukutu ɗaya ce? Idan ɗaya ce, a ina suke rabuwa? Kuma gorar da ta kumbura, ya halatta in sayar da ita ko in ba yarana su sha?

Hajiya Inna, Jahun

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika koya shi ne kunun zaƙi na asali, wanda muka taso muka tarar iyayenmu suna yi a cikin garin Bauchi tun kafin sukari ya zama abin kowa da kowa. Ni na haura shekara talatin ina yin sa, kuma da shi na aurar da 'ya'yana mata.

Yadda muke yi shi ne, a jiƙa gero ko dawa ya kwana, a wanke, a markaɗa da citta da kanumfari da masoro. Sai a raba ƙullun gida biyu, babban kaso a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko, ƙaramin kuma a haɗa shi da garin tsiro da dankalin da aka jiƙa aka markaɗa. Inda 'yan mata suke kuskure shi ne gaggawa. Ba a zuba tsiro a kan kunu yana turiri. Sai an bari ya sha iska har yatsa zai iya jure zafinsa, sannan a zuba a juya. Idan an yi daidai, a gabanki za ki ga kunun da ludayi yake tsayawa a cikinsa ya saki ya tsinke, zaƙi ya fara fitowa. A rufe shi ya kwana, da asuba a tace.

Amma ki lura da wannan, domin shi ne amsar tambayarki a wajena: mu kunun yini ɗaya muka sani. Wanda aka tace da asuba, kafin la'asar ya ƙare, abin da ya saura a ba almajirai ko a zuba wa dabbobi. Ba mu taɓa toshe shi a gora mu ajiye shi kwana biyu a ɗaki mai zafi ba. Randar da muke yin sa a ciki ma kullum sai an wanke ta da ruwan zafi an kife ta a rana, domin randar da aka bari da guntun kunun jiya tana sa na yau ya yi saurin tashi. Saboda haka ki rage yawan abin da kike yi ya zama daidai da abin da shagunan za su iya sayarwa a yini, musamman daga yanzu har ruwan sama ya sauka. Surukinki kuwa kada ki riƙe shi a zuciya, mutuncin gidansa yake karewa. Ki dama mai kyau ki aika masa da safe, ya sha da bakinsa.

Malam Abban Walid, malamin kimiyyar abinci

Hajiya Inna ta faɗi abin da littattafanmu suke faɗa, sai dai ita da hannu ta koya. Zan ƙara bayanin dalilin da ya sa abin yake faruwa haka, domin idan Maman Hanifa ta fahimci dalilin, ita da kanta za ta gane inda iyakar take.

Ƙwayar hatsi cike take da sitaci, kuma sitaci ba shi da zaƙi a baki duk da cewa da sukari aka gina shi. Idan ƙwayar ta sha ruwa ta fara tsirowa, sai ta samar da wasu sinadarai da suke daddatsa sitacin ya koma sukari domin ciyar da ɗan tsiron. Mai yin tsiro tana tsayar da wannan aiki ne ta hanyar shanya, ta adana sinadaran a cikin busasshiyar ƙwaya, har ranar da za ta sake su a kan dafaffen ƙullu. Tafasasshen ruwa yana kashe su, shi ya sa Hajiya ta ce a jira ya sha iska. Sun fi yin aiki a zafin da ke tsakanin digiri 55 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyos. Wani abin da yake burge ni shi ne dankali. Tsiron dawa yana da ƙarancin ɗaya daga cikin sinadaran nan idan aka kwatanta shi da na sha'ir, dankalin Hausa kuwa yana da shi da yawa, wato iyayenmu mata sun cike giɓin tun kafin wani ɗakin bincike ya auna shi.

Har zuwa nan babu barasa ko ɗigo, ruwan hatsi ne mai zaƙi. Abin da ya biyo baya ya dogara ne ga ƙananan halittun da suka sami wannan sukari. A daren farko waɗanda suke rinjaye su ne irin waɗanda suke mayar da madara kindirmo, su ne suke ba kunu ɗan tsamin nan mai daɗi, tsamin kuma yana rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. Amma akwai yis a jikin hatsi da cikin iska da bangon randa, kuma shi idan ya ci sukari abu biyu yake fitarwa, iska da barasa. A sanyi yana tafiyar hawainiya, a zafin Maris da Afrilu kuwa, lokacin da rana takan kai digiri 40 a nan, yana ninkuwa cikin sa'o'i kaɗan. Kumburin gora alama ce ta wannan iska. Ba lallai ne ya zama kunun ya kai matsayin sa maye ba, domin wasu daga cikin masu kawo tsamin ma suna fitar da iska, amma tabbas ya kama hanya, kuma ta fuskar lafiya kaɗai bai kamata a sayar da shi ba.

Game da ajiya, firji shi ne mafi sauƙi, amma mun san halin wuta. Hanya ta biyu ita ce wadda ta samo suna daga Louis Pasteur, masanin Faransa da ya yi bincike a kan lalacewar abin sha a ƙarni na 19: a ɗura kunun a kwalba mai tsabta, a tsoma ta a ruwan da zafinsa yake tsakanin digiri 60 zuwa 65 na tsawon minti 30, sannan a sanyaya ta da sauri. Kada zafin ya wuce haka, domin ɗanyen sitacin da ya rage a cikin kunu yakan fara yin kauri idan ya doshi digiri 70, sai ki wayi gari da koko a kwalba. Siririyar gorar roba kuma ba ta jure wannan zafi, lanƙwashewa take yi. Ki fara gwadawa da kwalba biyu ko uku kafin ki zuba jarinki.

Akwai gargaɗi biyu da ba zan tsallake ba. Na farko, saiwa da ɗan ganyen da suke fitowa daga tsiron dawa suna ɗauke da guba irin ta ɗanyen rogo mai ɗaci, saboda haka bayan tsiron ya bushe sosai a murza shi a sheƙe su tas kafin a niƙa, kuma duk tsiron da ya yi furfura ko ya yi warin ruma a zubar da shi. Na biyu, gorunan da yara suke tsintowa daga wuraren biki da bakin titi sun fi yis haɗari nesa ba kusa ba, domin ta nan taifot da kwalara suke shiga. Idan sana'ar ta girma har kina son sa mata suna da tambari, to dole ki bi ta hukumar NAFDAC.

Ɗan Bogoro

Ina gaishe da iyaye da malamai. Ni Basayi ne kuma Kirista, a Bauchi nake aiki, kuma kakata ta yi sana'ar burukutu har tsufa ya hana ta, saboda haka zan iya faɗa wa 'yar'uwata abin da na gani da idona. Ni kaina ba na sha, cocinmu ma ba ta yarda da shi ba, amma ba zan ɓoye cewa da kuɗinsa aka biya wa mahaifina makaranta ba.

Dattijon bai yi ƙarya ba, da tsiro ake farawa. Sai dai daga nan hanyar tana da tsawo, kusan mako guda ake yi. Jar dawa ake jiƙawa, a bar ta ta tsiro kwanaki, a shanya, a niƙa, a dama da ruwa a manyan tukwane. Ana dafa shi sa'o'i masu yawa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafa shi, kuma itacen da yake ci ya fi ƙarfin mai kunu. Bayan ya huce ne ake yin abin da ya mayar da shi giya: kakata tana da wata tsohuwar tukunya da ba a wanke cikinta, kuma tana ajiye guntun na baya ta zuba a sabo da gangan domin ya tashi. Kwana ɗaya zuwa biyu yana kumfa yana tafasa ba wuta, sannan a fitar da shi a sayar a ƙwarya. Wato abin da Hajiya Inna take wanke randa domin ta kore shi, shi ne kakata take kiwo kamar yadda ake kiwon akuya. A wajenmu a da ba a yin gayyar noma ko biki ko makoki ba tare da shi ba, kuma aikin mata ne daga farko har ƙarshe.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, lemon malt ɗin da ake rabawa a kowane ɗaurin aure a garin nan ma daga tsiro yake. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, dole kamfanonin giya suka koma ga dawar Arewa, kuma irin da ake kira SK5912, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar, yana cikin waɗanda suka fi amfani da su. Ruwan tsiron da aka dafa, idan aka sa masa yis ya zama giya, idan kuma aka hana shi yis aka toshe shi a kwalba aka dumama, sai ya zama irin su Maltina.

Wani abu kuma da yake damuna shi ne yadda muke raina abin da muka iya. A Amurka, bayan dokar 1978 da ta ba mutane damar yin giya a gidajensu, ƙananan masu sana'ar suka yawaita, kowa yana alfahari da hatsin yankinsa da salon garinsu, har suna shirya bukukuwa ana gasar wanda ya fi iyawa. A birnin Munik na Jamus tun 1810 suke bikinsu na shekara-shekara. Ba ina cewa a kawo bikin giya Bauchi ba, na san dokar jihar tun 2001 kuma ina mutunta maƙwabtana. Abin da nake cewa shi ne, me ya hana mu yi wa kunun zaƙi da kunun aya da kunun gyaɗa da zoɓo da fura da nono irin wannan gata? A ware rana guda, mata daga Azare da Misau da Dass da Tafawa Ɓalewa su kawo nasu, a ɗanɗana, a san wadda take amfani da tsiron shinkafa da wadda take amfani da na dawa, a rubuta hanyoyin tsofaffi irin su Hajiya kafin su tafi da su. Wannan biki ne da ni da Maman Hanifa za mu iya zama a rumfa ɗaya.

Malam Baban Sumayya, Fadaman Mada

Bismillahi. Allah ya saka wa waɗanda suka gabace ni da alheri, kuma ina yaba wa ɗan'uwanmu na Bogoro da ya faɗi abin da ya sani cikin ladabi, domin bayaninsa ya sauƙaƙa nawa.

Shari'a ba ta rataya hukunci a kan hatsi ko tsiro ba, ta rataya shi ne a kan maye. Lokacin da Abu Musa al-Ash'ari, Allah ya yarda da shi, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da abubuwan sha biyu da mutanen Yaman suke yi, ɗaya na zuma ɗaya na hatsi, amsar da aka ba shi ita ce duk abin da yake sa maye haramun ne. Wani hadisin kuma ya ƙara da cewa abin da mai yawansa yake sa maye, to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Wannan ya rufe ƙofar burukutu da fito ga Musulmi, ko da kurɓa ɗaya ce. Amma bai rufe ƙofar tsiro ba, kamar yadda haramcin giyar inabi bai haramta inabi ba.

Mas'alarki tana da makamanciya a zamanin farko, wato tsimin dabino ko zabibi da ake kira nabiz. Ya tabbata a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi shi, ya sha a ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura kuma a bayar a shanye ko a zubar. Malamai sun fahimci cewa kwanakin ba su ne maƙasudi ba, abin lura shi ne kada ya kai ga tashi da kumfa da ƙarfi, kuma wannan yana bambanta gwargwadon zafin gari da irin mazubi. Har an yi hani a kan yin tsimi a wasu mazubai, ciki har da duma, saboda abin sha yana saurin sauyawa a cikinsu ba tare da mai shi ya farga ba. Idan muka auna da bayanin malamin kimiyya, gorar roba da aka toshe aka bari a zafin bazara ta fi duma saurin wannan aiki.

Don haka kunun da aka tace da safe, mai zaƙi da ɗan tsami, halal ne babu shakka, sana'arsa ma halal ce. Gorar da ta kumbura ta yi huci, ƙamshinta ya sauya, ki zubar da ita, kada ki sayar kada ki ba yara, ko da kina ganin ba za ta sa maye ba, domin an umarce mu da barin abin da muke kokwanto zuwa wanda ba ma kokwanto, ga kuma haƙƙin mai saye da bai san kwananta ba. Inda na ɗan saɓa da Hajiya shi ne batun ba almajirai ragowa: idan har yana nan lafiya a ba su, amma wanda ba za ki ba ɗanki ba, kada ki ba ɗan wani. Batun surukinki kuwa, maigidanki ne ya fi dacewa ya zauna da shi ya yi masa wannan bayani a natse.

Hajiya Inna, Jahun

Malam, na karɓi gyara, kuma abin da nake nufi ke nan, wanda ya saura da la'asar yana nan da zaƙinsa. Wanda ya tashi ko akuyata ba na ba ta da yawa. Ɗan Bogoro kuma, idan Allah ya sa aka yi wannan taro ina raye, ni tsiron shinkafa zan kawo, domin ya fi na dawa sa kunu haske da laushi, sai dai ya fi tsada.

Maman Hanifa, Yelwa, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maigidana ya karanta amsoshin nan gaba ɗaya, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko zai je ya yi wa Baba bayani, ni kuma zan aika da kunun safiyar ranar kamar yadda Hajiya ta ce. Na koma aiki jiya da mudu biyu maimakon huɗu, na kuma gaya wa masu shagunan cewa duk gorar da ta kai magariba ba a saya ba su ajiye mini ita gefe, ni zan ɗauki asararta har damina ta faɗi. Ban san batun gubar saiwar tsiro ba sam, domin da saiwarsa nake niƙawa, yau kuwa na murje shi na sheƙe kafin in kai inji.

Saura tambaya ɗaya ga Malam Abban Walid. Ba ni da ma'aunin zafi, kuma ban san ko irin wanda ake auna zazzaɓi da shi zai yi ba. Idan ba zai yi ba, wane iri zan nema, kuma a shagon kayan asibiti ake samunsa ko a wajen masu sayar da kayan yin burodi da kek a kasuwar Wunti?